Baffa Idi Ba Shi da Takwara

Na san abin da ake faɗa a gidanmu na Djougou idan na ba da baya. Ana cewa Rabi ce ta kwashi sirrin gida ta kai Parakou, ta miƙa wa mai zanen allon aski, aka tona asirin mahaifinmu a gaban 'ya'yan mutane. Na ji shi a bakin mata wurin biki, na kuma ji shi a bakin jikokina da suka ɗauko a wani wuri. Yanzu da idona ya fara gajiya, waɗanda aka yi abin a gabansu kuma suna ta raguwa, bari in zauna in faɗa muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da 'ya'ya da jikokin yayana Alhaji Sani. Akwai ɗaya a cikinku da ya fi kowa haƙƙin ji, zai gane kansa idan mun zo wurin.

Gidanmu gidan goro ne tun kaka da kakanni. Fatake ne, sun yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna har suka gaji, suka sauke kaya a Djougou, ba su sake ɗauka ba. Ni da na buɗe ido jakuna sun zama manyan motoci, amma ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi bai taɓa barin zaurenmu ba, har yau idan na ji shi a kasuwa sai ƙafata ta tsaya da kanta. Al'adu biyu muka tashi muka tarar. Ta farko, duk lokacin da aka buɗe huhun farko na sabon goro, maigida zai zaɓi manya farare ya aika wa kowace 'yar gida da ke aure a wani gari, don ta san ba a manta da ita ba. Ta biyu kuwa takwara. Duk dattijon da ke gidan sai an mayar da sunansa a kan jariri tun yana da rai, ya ɗauki abinsa ya yi masa wasa. Mahaifinmu Malam Umaru, Allah ya ji ƙansa, takwarorinsa sun yi yawa har sai da laƙabi ake rarrabe su, ga Umaru Dogo, ga Umaru na Sérou, ga Baba Ƙarami. Ƙaninsa Baffa Idi ya tsufa tukuf a gidan nan, ba shi da ko ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa ya sani, faɗa ne dai ba a yi. Zamanin Faransa kumandan, Baturen mulkin garin, ya aiko a ba da samari aikin soja, aka kira sunan babanmu. A lokacin sabon aure ne da shi, mahaifiyarmu tana ɗauke da cikin Yaya Sani, kuma shi ke riƙe da cinikin gidan. Da gardi, dogarin kumandan, ya tsaya a ƙofa ya kira Umaru, sai Baffa Idi ya miƙe ya amsa. Duk shekarun da ya yi a ƙetaren teku da sunan Umaru ake kiransa. Ya dawo a rame, ba ya iya barci a ɗaki mai ƙofa, sai a zaure inda iska ke shiga ta fita. Idan tayar mota ta fashe a hanya sai a gan shi kwance rub da ciki. Ya yi aure bai daɗe ba. Daga nan mata suka yanke hukunci a bakin murhu, tunda yaro yakan ɗauko halin takwaransa, babu wadda za ta yarda ɗanta ya ɗauko kan Baffa. Maza ba su ce a'a ba. Ana ba shi tuwo, ana yi masa ɗinkin salla, amma yaran gida idan sun wuce sai su buga ƙafa su ce, "Gardabu, Ansiyan!" Wato umurnin ƙamewa na sojan Faransa, da laƙabin tsohon soja. Shi kuma ya ɗaga hannu ya sara musu yana dariya, su watse da gudu.

Shekarar da nake ba ku labarinta, ina dab da barin aikin koyarwa. Ajin ƙananan yara nake riƙewa a wata lakwal, makarantar boko, da ke Tourou, can bakin Parakou inda gari ke ƙarewa gonakin doya su fara. Wata rana direkte, shugaban makarantar, ya shigo da kwali cike da littattafan hotuna da aka aiko daga waje, ya ce kafin ranar tunawa da sojoji kowace malama ta koya wa ajinta girmama tsofaffin mayaƙa. Littattafan suna da kyau, takarda sul-sul kamar a lasa. Na buɗe ɗaya na ɗaga. Ga wani tsohon Bature da sanda, ga jajayen furanni, ga ƙasa fara fat. Yara suka yi tsuru-tsuru. Can wata 'yar ƙarama mai suna Bana ta ɗaga yatsa.

"Madam, wa ya zubar musu da gishiri haka?"

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Na yi bayanin ƙanƙara iya iyawata, ni da ban taɓa ganinta ba sai a firij. Da na gama, ta sake ɗaga yatsan nan nata.

"To Madam, mu ba mu da tsohon soja ne? Sai su?"

Na buɗe baki in ce muna da su, sai na ga zaurenmu a idona ƙarara, ga tabarma, ga buta, ga Baffa yana sara wa yara. Ban san lokacin da na rufe littafin ba. Na ce su fita su sha iska.

Ƙarshen makon nan na hau mota zuwa Djougou, daga nan kuma abin ya zame mini jiki. Da hantsi nakan tarar da shi a gindin mangwaron ƙofar gida, in kai masa koko da ƙosai, in zauna. Da farko ya ce ba shi da labari. Na ce ni 'yar Umaru ce, taurin kaina ba saye na yi ba, ya san inda na samo shi. Ya yi dariya har da tari. Na zaci zancen bindiga zai yi mini, amma ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Labarin teku ya fara ba ni. Ya ce da jirgi ya rabu da ƙasa sai ya ga kamar an ɗauko sama an shimfiɗa ta a ƙasa, sama a bisa, sama a ƙarƙashi, su kuma suna rataye a tsakiya, ba gabas ba yamma, sai dai mutum ya bi rana da ido ya yi sallarsa. Ya ce ranar tafiya kakarmu ta danƙa masa goro fari guda a naɗe cikin ganye, ta ce ya ci a hanya. Bai ci ba. Ɗan gidan goro ne, ya san yadda ake jiyyarsa, kullum sai ya rage ruwan shansa ya yayyafa masa, ya juya shi, ya mayar cikin gwangwanin abincinsa. A haka suka ƙetare ruwa, suka hau wasu duwatsu masu sanyi inda mutanen ƙasar ma salla suke yi kamar mu. Abin da ya kai su can ban tona ba.

"Rabi, wata safiya na buɗe gwangwani, sai na ga ya tsaga, ya fito da ɗan tsiro. Goron Djougou, a ƙasar da numfashi ke fita kamar hayaƙi. Duk 'yan ƙasarmu da ke wurin sai da suka zo suka leƙa. Wani Bayarabe ya yi kuka."

"Ya rayu, Baffa?"

"Ina fa. Sanyi ya kashe shi. Amma kafin ya mutu shi kaɗai nake gaya wa sunana. In sunkuya in ce masa, ni fa Idi ne."

Na dawo Parakou a motar yamma, itatuwan kaju suna ta wucewa ta taga, ni kuwa ban ga ko ɗaya ba. Kafin mu iso na gama yanke shawara, littafin da ajina ke bukata a zaurenmu yake, kuma zan yi shi ko da kwalin sabulu ne. Wata shawarar kuma na ɓoye ta a ciki ban faɗa wa kowa ba: mutumin nan ba zai koma ga Allah ba tare da ya ji an kira jariri da sunansa ba.

Matsalar ita ce ni ko kaza na zana a allo sai yara sun tambaya mece ce. Sai na tafi wurin Biyo, wani ɗan ƙabilar Bariba da ke da rumfa kusa da tasha, shi ke zana allunan masu aski na rabin garin. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Madam, pa de problem." Abin da ban lura da shi ba, duk da kullum ina wuce allunansa, shi ne Biyo fuska ɗaya tak ya iya. Saurayi ne kyakkyawa mai dogon wuya, yana kallon gefe, aski kawai yake canza masa. Da na je karɓar aiki sai na ga kumandan da fuskar, gardi da fuskar, matuƙin jirgi da fuskar, sai dai wannan an shafa masa jan fenti wancan baƙi. Ko kakarmu da fuskar ta fito, an ɗaura mata kallabi. Na riƙe kai na ce, "Biyo, ka kashe ni." Ya ce ai kowa ya yi kyau, me kuma nake so. Amma teku da ya zana, Allah ya sani ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba, sai da na ji kamar in tsoma hannu. Gwangwanin kuma ga shi da ɗan koren tsiro a tsakiyar farin dutse. Tela ya ɗinke mini shafukan da zaren buhu, na rubuta 'yan kalmomi a ƙasan kowane hoto, da faransanci da hausa.

Ranar da na karanta shi a Tourou ba wanda ya yi dariya. Da muka zo inda tsiron ya mutu, Bana ta kifa kai a tebur. Da na rufe, suka ce yana nan da rai? Na ce yana nan. Suka ce yana jin sanyi har yanzu? Na ce wani lokaci. Washegari wata ta zo da doya guda a ka, ta ce uwarta ta ce a kai masa. Wannan doyar da littafin na ɗauka na nufi Djougou da hutu ya zo, ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe.

Na tara yaran gidan a gindin mangwaro bayan la'asar, Baffa yana gefe a tabarmarsa yana leƙe. Muna shafi na biyu Yaya Sani ya dawo daga kasuwa. Shi ne maigida a lokacin, mutum mai tsare gida, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a ji kanmu a waje. Ya tsaya a kanmu ya dubi shafin. Samari biyu ne a ƙofar zaure, ɗaya ya miƙe yana bin gardi, ɗaya yana zaune a kan huhun goro, mace mai ciki tana leƙowa daga ciki. Na ga fuskarsa ta canza.

"Rabi, wannan da ke zaune wane ne?"

"Baba ne, Yaya."

"Wato kin je kin nuna wa 'ya'yan Parakou ubanmu ya zauna a kan goro an tafi da ƙaninsa. Kin kyauta. Mutumin da ke kabari kika ba wa mai allon aski."

Na fara ba shi amsa, don bakina bai taɓa sanin gidan haƙuri ba, sai jikarsa Zainabu, wadda ko haƙoran gaba ba ta da su a lokacin, ta ja masa riga.

"Alhaji, ai duk iri ɗaya ne. Wanne ne ya tafi, wanne ne ya zauna?"

Gaskiyarta. Biyo ya ba su fuska ɗaya, wuya ɗaya, har askin ma bai canza ba. Yaya ya duba, ya sake dubawa. Baffa ne ya amsa daga tabarma, a hankali, kamar mai magana da kansa.

"Haka muke kuwa. Ko gardin ma bai bambance mu ba. Wanda ya zauna ɗin ma bai ji daɗi ba, 'yar nan. Kullum sai ya je tasha ya tsaya."

Zainabu ta ɗora yatsa a kan cikin matar.

"To wannan fa, wane ne a ciki?"

"Ga shi nan tsaye a kanki," in ji Baffa.

Yaya ya sunkuya ya ɗauke littafin daga cinyata, ya sa a hammata ya shige ciki. Bai yi mini magana ba har hutun ya ƙare, ko da na je sallama daga bayan labule ya amsa. Na koma Parakou hannu wofi, na gaya wa ajina littafin ya tafi ziyara. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don Yaya ne ya tsaya mini na yi karatu lokacin da kowa ke cewa ya isa haka.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Hadiza ce ta ba ni labari, matar Musa ɗan Yaya, yarinya 'yar Pélébina mai sanyin murya, a lokacin tana da tsohon ciki. Ta ce yaran nan ba wanda ya hana su, ba wanda ya sa su, gardabu dai ta mutu a gidan. Da safe kafin su tafi lakwal sai su durƙusa a zaure su ce, "Kaka, ina kwana, ya sanyi?" Har rigima suke yi a kan wanda zai cika masa buta. Zainabu ta samo gwangwanin madara ta binne goro a ciki, ta ajiye a gefen tabarmarsa, kullum su biyu suna yayyafa masa ruwa suna jira. Ta ce kuma sau da yawa idan ta kai wa Alhaji abincin rana a ɗakin ajiyar goro, sai ta tarar ya buɗe littafin a kan huhu, kullum a shafi ɗaya, da ya ji motsinta sai ya ja ganye ya rufe.

Da damina ta ja baya Hadiza ta haifi namiji. Musa ne ya kira ni a waya, ba Yaya ba, amma na je, don ba a hana ni sunan gidanmu. Da sassafe bayan sallar asuba maza suka cika ƙofar gida, ana raba goro, hazo-hazon raɓa bai gama tashi daga kan mangwaro ba. Mu mata muna tsakar gida muna kasa kunne, kowa ta riga ta san wani Umarun za a ƙara mana, har ana tunanin laƙabin da ya rage. Liman ya nemi suna, Yaya ya raɗa masa, aka shafa fatiha. Sai muryar maroƙi ta ƙetaro katanga.

"Sunan yaro Idrisu! Allah ya raya Idrisu!"

Mata suka dubi juna. Wadda ta buɗe baki za ta yi guɗa ta tsaya da shi a buɗe. Ba mu gama dawowa hayyacinmu ba sai ga Baffa ya shigo, yana dogara sanda, babu ko hula. Rabon da ya taka tsakar gidan nan tun ina budurwa. Mata suka dare masa, ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin mai jego ya tsaya. Na ɗauka godiya ya zo yi.

"Hadiza, 'yar nan, ki ce ba ki yarda ba. Tun rana ba ta fito ba, a canza sunan. Kin ga yadda nake. Kada yaron nan ya ɗauko kaina."

A nan ne na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Duk shekarun nan da mata ke faɗa a bakin murhu, shi ma ya ji, ya kuma yarda. Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Hadiza kuwa, wadda ko idon surukanta ba ta iya kallo, ta amsa daga cikin ɗaki, kowa ya ji.

"Kaka, ni na roƙi Alhaji, na tarar shi ma abin da ke ransa ke nan. Idan ya ɗauko halin wanda aka kira wani ya tashi ya amsa, na gode wa Allah. Shigo ka ɗauki abinka."

Sai a lokacin guɗa ta tashi, kuma ni na fara ta, duk da muryata irin ta masu koyarwa ce, ta fi kama da tsawa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya koma daidai tsakanina da Yaya. Ya ba da sunan, amma bai yafe mini kai maganar gida waje ba. Muna gaisawa, yana zuwa mini gaisuwar rashin lafiya, ya yi wa 'ya'yana duk abin da kawu ke yi. Sai dai tun daga shekarar nan, idan aka buɗe huhun farko, goro yakan je wa kowace 'yar gida ban da ni. Kowace shekara nakan ji an kai wa ƙannena, in yi kamar ban ji ba, in shiga ɗaki in zauna. Har ya rasu bai aiko ba, bai kuma mayar mini da littafin ba, a cikin kayansa aka same shi, gefen shafi na biyu ya yi baƙi don taɓawa. Ban ce ya yi daidai ba, ban kuma ce ni ban taɓa masa inda ke ciwo ba. Ya so ubansa, ni ma na so shi. Abin da nake so ku sani kawai shi ne babu wanda aka wulaƙanta a littafin nan, samari biyu ne masu fuska ɗaya, kuma da za a mayar da ni baya sai na sake hawa motar nan zuwa rumfar Biyo.

Kai Idi, yanzu ka fi ni tsawo, an ce har gardama kake yi da malamanka, wannan kuma ba daga takwaranka ka ɗauko ba, daga wajena ne. Ba ka san shi ba, ya rasu kana rarrafe. Amma ni idan na rufe ido ina ganin safiyar nan kamar yanzu. An shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin, ya zauna ya miƙe ƙafa, ungozoma ta ɗora ka a cinyarsa. Ya tallabe ka da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonka, rana ta fara taɓa bakin katanga, mata suna ta kai da kawo da ƙoren fura, shi bai san ana yi ba. Sannan ya sunkuya dab da kunnenka, yadda ya ce yana sunkuya wa gwangwanin nan a kan dutse.

"Ni Idi ne," ya ce. "Kai ma Idi ne."

Ya juya wata kalma a baki, kalmar da ya ji kowane tsoho a gidan nan yana faɗa, shi bai taɓa samun wanda zai gaya wa ba.

"Takwara," ya ce. "Takwara, ka zo lafiya?"